Iyakar Gona a Tsohuwar Waya

Talata, 29 ga Afrilu, bayan azahar

Malama Zubaida ta ce mana a ajin yaƙi da jahilci, in abu ya tsaya wa mutum a ƙirji ya rubuta shi. Ina da jika biyu na fara riƙe biro, kuma ban taɓa rubuta komai ba sai sunana, Saude, da aikin aji. Yau zan rubuta, don in ban rubuta ba zan zagi wani, wanda zan zaga kuwa ni na haife shi.

Taswira ta ɓace daga waya.

Bari in faro daga farko, don in wani ya karanta ya san ba mu cuci kowa ba. Ɗana na fari ne ya haɗa abin. Ba na kiran sunansa. Mutanen gari Injiniya suke ce masa, to bari in bi su. Da ya gama karatu ya kama aiki a wani shagon kwamfuta a Rano, sai ya yi wa manoman unguwarmu manhaja a waya. Kowa ya zagaya gonarsa, ya tsaya a kowace kusurwa ya danna, waya ta riƙe. In ka buɗe sai ka ga ƙasa daga sama, ga rafi, ga ɗorawa, ga gonarka an kewaye ta da jan zare, kai kuma ɗigo ne shuɗi kana tafiya a ciki.

Sai mai tarakta ya ce gambar da ke raba gona da gona tana hana shi aiki, tunda iyaka tana cikin waya a cire ta. Aka cire. Gambar da kakannin mazajenmu suka dasa, aka tumɓuke ta aka yi zana da ita. Shekara biyu lafiya lau. Tarakta ta bi fili ɗaya, bayan ta tafi kowa ya fito da wayarsa ya bi zare ya kafa turakunsa.

Bana tarakta ta zo ranar Asabar, ta baje gonaki arba'in da uku suka zama kamar faranti. Ranar Lahadi mutane suka buɗe waya. Toka-toka, kamar bangon da aka shafe da siminti. Ba rafi, ba zare, ba ɗigo.

Tun jiya mutum bakwai suka yi sallama a ƙofar gidan nan. Ba ni suke nema ba.

Laraba, 30 ga Afrilu, da hantsi

Ya zo daga Rano a mashin, ido ja. Na sa masa kunu bai sha ba. Na ce ya yi mini bayani da Hausa.

Ya ce, "Inna, taswirar ba tawa ba ce. Aro nake yi."

Na ce, "Aro a wurin wa?"

Ya ce wani kamfani ne a ƙasar waje yake da hoton ƙasa, wayoyinmu suna karɓowa ta wata ƙofa. Yanzu sun rufe tsohuwar ƙofar sun buɗe sabuwa, sabuwar kuma ba ta karɓar tsofaffin wayoyi irin namu.

Na ce, "To ka kira su ka ba su haƙuri. Ka ce damina ta zo."

Ya ce, "Inna, babu wanda za a ba haƙuri. Ba su ma san da mu ba."

Na ce, "Haka kawai suka rufe, ba sallama?"

Ya yi shiru. Na san wannan shirun tun yana ɗan shekara biyar.

Ya ce, "Sun aiko saƙo."

"Yaushe?"

"Bara."

"Sau nawa?"

"Uku. Na zaci za su ɗaga ranar. Sun taɓa ɗagawa."

Muciya tana hannuna. Na ajiye ta a ƙasa a hankali na shiga ɗaki. Sau uku! Ya gani sau uku, ya bar tarakta ta shiga gona ranar Asabar.

Alhamis, 1 ga Mayu, bayan la'asar

Ba zan rubuta abin da ya faru a gona yau ba.

An tafi da Alu asibiti a Rano a bayan a-kori-kura.

Juma'a, 2 ga Mayu, da safe

Alu ɗan Hafsa ne, ƙawata, wadda muke zama a benci ɗaya a aji. Gonarsa tana gabas, ta Datti ƙanen mijina marigayi tana tsakiya, tawa tana yamma. Jiya Alu ya je zuba taki, Jabiru ɗan Datti ya ce ya shigo musu da faɗin kunya huɗu. Fartanya tana hannun Jabiru. Iyakar abin da zan rubuta ke nan.

Jabiru ya bar gari tun jiya, an ce ya yi kudu. Wanda ya ɗaga hannu ya tafi, wanda ya rage a kusa ɗana ne.

Na aika wa Hafsa da fura. An dawo mini da ita, ko buɗe kwanon ba a yi ba.

Asabar, 3 ga Mayu, bayan azahar

An zauna a ƙofar gidan mai unguwa. Na shiga gidan da ke maƙwabtaka na tsaya jikin katanga, na ji komai.

Datti ne ya fara. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban ce ɗana ya kyauta ba. Amma wa ya tsayar da yara biyu a fili ɗaya kowa yana cewa nan nawa ne? Muhyiddeen ne. Ɗan wana ne, amma gaskiya sai an faɗa."

Datti! Datti da ya fi kowa saurin tumɓuke gambarsa, har ya zo ya ari gatarina.

'Yan uwan Alu suka ce su ofishin 'yan sanda za su, za su ce an yaudari gari da waya har aka zubar da jini. Mai unguwa ya roƙe su. A ƙarshe ya yanke: in Injiniya ya nuna wa kowa iyakarsa kafin ruwan shuka ya sauka, kowa ya yarda, magana ta tsaya a gida. In ruwa ya riga shi, ko mutum ɗaya ya ƙi yarda, shi mai unguwa ya cire hannunsa, a tafi da shi.

A tafi da shi. Haka ya faɗa, kamar akuya ce za a kai kasuwa.

Lahadi, 4 ga Mayu, da hantsi

Abu biyu, mai daɗi da marar daɗi.

Mai daɗin: Injiniya ya ce hoton ƙasa ne kawai ya tafi. Wuraren da kowa ya tsaya ya danna suna nan cikin waya, lambobi ne. In ka danne sunan gona ka ɗan jima sai su fito. In aka samu lambobin zai haɗa sabuwar manhaja wadda ba ta aron komai a wurin kowa.

Marar daɗin: akwai wani Mahdi mai gyaran waya a bakin titi a Kibiya. Duk wanda ya kai masa waya sai ya ce, "A goge a sake sawa, haka ake yi wa kowace manhaja in ta yi gardama." In aka goge kuwa lambobin sun tafi har abada. Waya goma Mahdi ya goge kafin Injiniya ya isa shagon. An ce sai da aka shiga tsakaninsu.

Na ce, "Kai ba ka ajiye na kowa a wurinka ba?"

Ya ce, "Inna, kin manta? Dattawa ne suka ce kada a tara iyakar gari a hannun mutum ɗaya, kowa ya riƙe tasa."

Ban manta ba. Su suka hana shi ajiyewa, yau su ne suke cewa ya fito da ita.

Wayata tana ƙarƙashin katifa. Ta zauna can.

Litinin, 5 ga Mayu, kafin magariba

Ya zagaya gidaje. Ba wanda ya yarda ya miƙa masa waya. Wai zai taɓa lambobin ya ƙara wa uwarsa gona. Wani ya ce masa, "Injiniya, waccan taɓawar da ka yi ma ba mu gama warkewa ba."

Ya dawo ya zauna a turmi ya dafe kai. Na ce, "In kai ba za su ba ka ba, ni za su bari in kwafa a gabansu. Ba wanda yake tsoron tsohuwa da biro."

Ya ce, "Inna, lamba biyu ce doguwa a kowace kusurwa. Wata gonar kusurwa takwas. In kika kuskure ɗaya…"

Na ce, "Ka ga na yi kama da wadda ta ga saƙo sau uku ta yi shiru?"

Ya nuna mini inda ake dannawa.

Laraba, 7 ga Mayu, bayan la'asar

Gida biyar jiya, shida yau. Da azahar nake shiga, lokacin da maza suke gida da wayoyinsu. Mai gida ya riƙe waya, ni ina kwafa, matarsa tana leƙe ta kafaɗata.

Malam Habibullahi ya ce ba zai saki wayarsa ba ko da sakan ɗaya, ga hannunsa yana rawa. Na ce, "Malam, ka tsayar da ita, lambobin suna gudu." Ya ce, "Ba gudu suke ba Saude, tsoron ɗanki suke ji." Matansa suka kwashe da dariya. Na yi dariyar ni ma, don ina buƙatar lambarsa. Da na fito na tofar da yawu.

A wani gidan aka ce, "Lale da uwar Injiniya, yau kuma me za a cire mana?" A wani gidan aka ba ni ruwa a moɗar yara.

Duk na haɗiye. Idona yana zafi, yatsuna sun ƙage. Mutanen da suka rufe ƙofar nan suna can a ƙasarsu suna shan iska, ba su san akwai wata mata a ƙasar Fassi tana bin gida gida da littafin aji ba.

Alhamis, 8 ga Mayu, da la'asar

Hadari ya taso gabas, ya watse. Alhamdu lillahi. Allah ka yafe mini.

Asabar, 10 ga Mayu, da safe

Gari duka ruwa ake roƙo. Rumbuna sun yi ƙasa, zafi ya hana yara sakat. Jiya liman ya yi addu'ar ruwa, mata suna amin a cikin gidaje, ni bakina ya ƙi buɗewa. Shekara talatin ina noma, ban taɓa kallon sama ina cewa ka dakata ba. Ga abin da yaron nan ya mayar da ni.

Gida ashirin da biyu.

Litinin, 12 ga Mayu, bayan azahar

Ya ɗauki hutu a shagon. Yana zaune a zaure da kwamfuta yana shigar da lambobina. Sabuwar manhajar ba ta da hoto, farin fili ne da jan zare da ɗigo. Ya ce wannan ko sabis babu za ta yi aiki, kuma babu mai rufe mata ƙofa.

Na ce, "Me ya hana ka yi haka tun farko?"

Ya ce, "Mai hoton ta fi kyau. Mutane sun fi yarda in sun ga bishiyarsu."

Kyau!

Sai ya kira ni ya ce, "Inna, gonar Malam Habibullahi ta faɗa bayan garin Tarai." Na duba, layi ɗaya na tsallake. Na koma gidan. Malam ya ce, "Ashe har an fara tafiya da ita?" Na kwafi layin na fito.

Talata, 13 ga Mayu, da hantsi

Ya ce in kawo wayata zai gwada sabuwar manhajar a kanta.

Na ce tana caji. Ya ce zai jira. Na ce ta lalace. Ya dube ni.

To, bari in rubuta, tunda na riga na faɗa masa. Ranar Litinin ɗin farko, kafin ya zo daga Rano, na hau mota na je Kibiya. Na ce in gyara tawa a ɓoye, in fito in nuna wa mutane cewa abin ɗana yana aiki, wayoyinsu ne marasa kyau. Mahdi ya ce a goge. Na ce goge. Da bakina. Da na dawo na haɗu da mata biyu a rijiya na ce musu ai Mahdi ya san maganin abin. Cikin waya goma ɗin nan tawa ce ta farko, kuma ban san nawa ne suka je saboda maganata ba.

Na zaci zai yi faɗa. Na so ya yi faɗa. Sai ya ce, "Ba komai Inna. Gonar da aka goge, in maƙwabtanta suna da lamba, abin da ya rage a tsakiya ita ce."

Ba komai! Kwana goma sha uku ina hura masa wuta, shi ya ce mini ba komai. Wannan ya fi zagi ciwo.

Laraba, 14 ga Mayu, bayan la'asar

Na je wurin Datti. Yana kishingiɗe a ƙofar gida yana jin rediyo.

Ya ce, "Matar yaya, an zama ma'aikaciyar gwamnati?"

Na ce, "Wayarka na zo gani."

Ya ce, "Ayya, ai na kai wa Mahdi shekaranjiya, ya goge."

Shekaranjiya. Bayan an yi shela a masallaci sau biyu cewa kada kowa ya goge. Na ce, "Datti, ka ji tsoron Allah, ɗan wanka ne." Ya ce, "Ni ma nawa ɗan yana can ban san inda ya kwana ba." Ya ƙara muryar rediyo.

Yanzu tsakaninsa da Alu babu lamba sai a wayar Alu. Tsakaninsa da ni babu ko ɗaya.

Juma'a, 16 ga Mayu, da yamma

Yayyafi. Bai jiƙa ƙasa ba. Na tona da yatsa na duba har sau biyu.

Lahadi, 18 ga Mayu, bayan azahar

An sallamo Alu jiya. Yau na ɗaure fuska na shiga gidan Hafsa. Na yi sallama sau uku kafin ta amsa. Yana zaune a tabarma, hannun dama a naɗe an rataye a wuya. Yatsu biyu ba sa motsi. Na gaishe shi ya amsa, ya fi uwarsa sauƙi.

Hafsa ta ce, "Kin zo duba shi ne, ko wayar kika zo wa?"

Na ce, "Duka biyun, ƙawa. Ba zan yi miki ƙarya ba."

Ta ce, "Kada ki ce mini ƙawa. Da wane hannu zai yi noma bana? Naki ɗan yana zaure yana danne-danne da yatsunsa goma."

Na ce, "Haka ne."

Ta ce, "Ke kika tsaya a aji kina cewa abin ɗana ba ya ƙarya."

Na ce, "Haka ne."

Ta yi ta faɗa, ina cewa haka ne, har ta gaji. Sai Alu ya ce, "Inna, ba ta wayar. Ni ina so a san ban shiga gonar kowa ba."

Ta ɗauko ta ce ba za ta ba ni ba, ita za ta karanta ni in rubuta. Muka zauna kamar a benci, tana karantowa ɗaya bayan ɗaya. Ta leƙa littafina ta ce, "Wannan bakwai ce ko ɗaya? Har yau ba ki iya bakwai ba." Na gyara. Da zan tafi ba ta raka ni ba, amma ta ce in gaida gida.

Gida talatin da biyu. An gama.

Talata, 20 ga Mayu, kafin magariba

An fara bin gonaki jiya, da mai unguwa da dattawa da masu gona. Injiniya ya sa sabuwar manhajar a tsohuwar wayata yana gaba suna biye, inda ɗigo ya hau zare a kafa turke. Gona goma sha tara jiya, goma sha huɗu yau. An yi ta hayaniya amma kowa ya karɓa, don kowa yana kallon gabas. Waɗanda suka goge ma an gano nasu daga na maƙwabta, kamar yadda ya ce.

Malam Habibullahi ya ce gonarsa ta dawo daga Tarai ta rame. Aka yi dariya. Rabon da in ji an yi dariya a kusa da ɗana ba a kansa ba, na manta.

Fuskarsa ta ƙone da rana. Har yanzu ina jin haushinsa. Na sa masa nama biyu a miya.

Laraba, 21 ga Mayu, da la'asar

An yi bakwai. Saura uku: Alu, Datti, ni. Iska ta juya, tana warin ruwa.

Alhamis, 22 ga Mayu, bayan la'asar

Yau zan rubuta duka.

Mun fita da hantsi, gabas ta yi baƙi ƙirin. Hafsa ta zo, 'yan uwan Alu sun zo, ɗayansu da mashin a kunne a bakin hanya, kowa ya san don me.

Injiniya ya bi lambar Alu ya tsaya ya ce nan ne. Daidai inda Alu ya zuba takinsa ranar nan. Hafsa ta ɗaga hannu sama.

Datti ya ce, "Tsaya. Ba ni in gani." Ya leƙa wayar ya ce, "Ga ɗigon yana tafiya, kai kuma kana tsaye. Wanne za mu bi, kai ko shi?"

Mai unguwa ya ce, "Muhyiddeen, gaskiya ne?"

Na roƙi Allah yaron ya yi shiru irin nasa. Bai yi ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, gaskiya ne. Tsohuwar waya tana iya kaucewa da taku huɗu ko biyar. Tun farko haka take. Da hoton ne ba a lura ba."

Wuri ya kaure. Wani ya ce to duk turakun da aka kafa fa? Mai unguwa ya daka tsawa ya ce wanda ya riga ya karɓa ya karɓa. Amma Datti ya ce shi bai karɓa ba. Ya ce kunya huɗu ake magana, waya kuma ba ta san kunya huɗu ba, don haka shi ba zai yarda gonarsa ta ragu ba ko sama za ta faɗo. Hafsa ta ce ɗanta ya ba da yatsu biyu a kan layin nan, ba za a matsa ko tafin hannu ba. Ɗan uwan Alu ya kama hannun rigar ɗana. Aka yi tsawa a sama.

Na san iyakata da Datti. Ba na buƙatar waya. Shekara talatin ina juyawa a wurin, daga gindin ɗorawa ka miƙe zuwa tsohon suri. Nan ƙasar ta fi baƙi, nan geron ya fi tsayi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a saki rigar yaro. Datti, zo."

Na je iyakar gaskiya, na taka kunya huɗu cikin gonata, na tsaya. Na ce, "Tawa daga nan ta fara. A bar wa Alu layinsa. Abin da Datti yake nema a gabas ya ɗauka a yamma."

Ɗana ya ce, "Inna, ai ba nan…"

Na ce, "Kana da lamba?"

Ya sauke wayar.

Datti ya dubi ƙasar. Ya san baƙar ƙasa ce, ya san ta fi wadda yake rigima a kai. Ya ce, "To, tunda matar yaya ta tuna daidai."

Ta tuna daidai! Mai unguwa ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce a kafa turke. Ya tambayi kowa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce ya yarda. Ya ce magana ta mutu, aka shafa fatiha. Mai mashin ya kashe mashinsa.

Ba mu kai gida ba ruwa ya sauko.

Juma'a, 23 ga Mayu, da safe

An wuni an kwana ana ruwa. Yana ɗakinsa yana barci har yanzu, ba wanda ya yi sallama a ƙofa. Ban tashe shi ba.

Ban yafe wa Datti ba. Ban yafe wa masu ƙofa ba. Shi ma wannan mai barcin sai na yi tunani.

Asabar, 24 ga Mayu, bayan azahar

Mun yi shuka. Ya ce shi zai riƙe sungumi, na ce hannun kwamfuta ba ya sara rami daidai, ya bi ni da iri. Ina sara yana zubawa yana takewa.

A layi na uku hankalina ya tafi wani wuri. Ƙafata ta wuce turke, hannuna ya ci gaba da sara har rami shida a cikin abin da yanzu ake kira gonar Datti. Shi kuma wannan, Injiniya guda, ya biyo ni yana zuba mini gero a ciki bai ce uffan ba.

Da na farga na tsaya. Ya ce, "Inna, bar shi kawai, rami shida ne."

Na ajiye sungumi na durƙusa a cikin laka. Na tone su ɗaya bayan ɗaya, na tsince gerona ƙwaya ƙwaya na mayar cikin ƙwarya. Ƙasa na ba shi, ban ce har da iri ba.